Sunan Da Na Kira A Wahran

A tashar Maigatari suna ce min Baban 'Yar Rawa. Da a bayan idona ake faɗa, yanzu kuwa har 'yan acaɓa da sunan suke tsayar da ni. Kowa da nasa labarin. Wani ya ce na sa 'yata rawa a titi ana jefa mata kuɗi, wani ya ce addini na bari a can. Cikinsu ba wanda ya je. Mafi yawansu iyakar tafiyarsu kasuwar Dungas ce, su dawo kafin la'asar. Ni Sale da na je, ga yadda aka yi. A aji biyu na sakandare na tsaya a Gumel, saboda haka wanda ya ga kuskure a rubutun ya gyara da kansa. A maganar dai babu kuskure.

Damagaram da Agadas ba abin faɗa ba ne, wahala daga Arlit ta fara. Ni da matata Hadiza ne, 'yar Gagarawa, tana da ƙaramin ciki, neman kuɗi ya fitar da mu. Mutumin da ya fara cutarmu ba Balarabe ba ne, ba kuma Buzu ba. Bahaushe ne, har yana rantsuwa kakarsa 'yar Gumel ce, ya san gidan wane ya san gidan wane. Shi ya haɗa mu da mota, ya ce har cikin Tamanrasat za a sauke mu. Da rana ta ɗaga direban ya tsaya a fili, ya nuna mana wani dogon ƙarfe can nesa, ya ce garin ke nan, ba ya iya ƙarasawa da mota saboda masu kaki. Muka sauka, ya juya. Muka yi ta tafiya ƙarfen nan yana ja da baya. Da muka isa, ƙarfen ne kawai da wani kango.

Wata Buzuwa mai kiwon awaki ce ta same mu a inuwar kangon. Ba ta jin Hausa, ba ma jin nata. Ta dubi cikin Hadiza, ta kwance salka ta ba ta ruwa, ta ɗora ta a kan jakinta, ita ta biyo da ƙafa har bakin hanyar manyan motoci. Na ciro agogona na miƙa mata, ta ture min hannu kamar na ba ta kunama. Ban san sunanta ba. Duk sallar da na yi tun daga ranar tana ciki.

A Tamanrasat na yi dakon bulo, a nan kuma Hadiza ta haihu. Mace. Ba rago, da dabino aka yi suna, na sa mata sunan mahaifiyata.

To a nan ya kamata in tsaya, domin duk abin da ya biyo baya daga nan ya taso. Yarinyar nan 'yar fari ce, kuma mai sunan tsohuwa. A gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a yi masa wasa. Mahaifina har ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunan yayana ba, "wancan" yake ce masa. Amma ranar da wancan ɗin ya kwanta ciwo, shi ne ya kora sansa ɗaya tilo kasuwar Alhamis ya sayar. Haka muka ga ana so, haka muka iya. Matan gidan da muke haya suka sa wa yarinyar Uwani. Hadiza takan ce "'yar nan". Ni kuwa "ke" nake cewa, shi ma sai ta kama.

Tun ranar wanka aka ga ƙafarta ta hagu ta lanƙwashe ciki. Mata suka ce a gasa da ruwan zafi a shafa man shanu, za ta miƙe. Aka gasa, aka shafa. Lokacin da ta fara tafiya, a gefen ƙafar take takawa, ta yi taku kaɗan ta kife.

Aka ce mana asibitin ƙashi sai arewa, bakin teku. Muka kama hanya. A Gardaya muka yi zango na yi aikin gonar dabino. Mai gonar mutumin kirki ne har ranar da aka gama tsinka, daga ranar ya tuna ba ni da takarda, ya hana ni kuɗin aikina, ya ce in na sake zuwa ƙofarsa zai kira waɗanda za su tuna min. A garin nan kewar gida ta fi damuna. Ba mutane nake tunawa ba, ƙanshin sabon gero nake tunawa, da ƙarar taɓarya da hantsi. Can burodi ake ci safe da yamma, har sai da na tsani ganinsa. Amma wani tsoho mai gidan burodi a layinmu kullum sai ya ajiye wa yarinyar guda mai zafi, ya durƙusa ya ba ta da hannunsa. Ni ina tsaye ina kallon wani wajen.

Wahran babban birni ne, ga teku, ga sanyi mai shiga ƙashi. Muka sauka a gidan Alhaji Tanko, mutumin Sule Tankarkar, wanda duk Bahaushen da ya shigo garin a hannunsa yake kwana. Bai je Makka ba, daɗewa a waje ce ta mai da shi Alhaji. A asibiti aka yi wa ƙafar aiki aka naɗe ta da filasta. Ba zan yi musu ƙarya ba, sun yi aiki da gaskiya.

Ranar cire filastar Hadiza tana da wanki a gidan da take aikatau, sai wata tsohuwa 'yar Damagaram da ke gidanmu, Iya Gaje, ta goya yarinyar, ni ina gaba suna biye. Likitar mace ce. Ta nuna min ƙafar ta ce ta miƙe, amma aikin bai ƙare ba. Kullum sai an juya ta waje, an sa yarinyar ta taka da tafin ƙafa, in ba haka ba za ta koma inda ta fito. Ta ce a riƙa kawo ta tana dubawa har shekara ta zagayo.

Muka dawo muka tarar an yi kamen baƙi a unguwa. An tare Hadiza a hanya da bokitinta a hannu. Sai da aka kwana biyu na ji muryarta a waya daga bakin iyaka, an zube su a rairayi an ce su bi kudu. Da ta isa gidan iyayenta a Gagarawa ta sake kira. Na ce zan tattaro mu taho.

Ta ce, "Ku taho ina? Likita ta sallame ku?"

Na ce ba ta sallame mu ba.

Ta ce, "To ka zauna. Na sha rairayin nan sau biyu, na biyun saboda ƙafar nan. Kar ka dawo min da 'yar nan tana ja."

Na zauna. Ni da yarinya 'yar shekara huɗu wadda ban taɓa ɗauka ba.

Aikin da nake yi lokacin shara ce da goge-goge a wata makarantar rawa a tsakiyar gari. Rawar bale suke ce mata, ta Turawa ce. Babu ganga, babu girgiza jiki. Ɗaki ne babba da daɓen katako, bango ɗaya madubi ne gaba ɗaya, an kafa wata doguwar sanda a jikinsa ana dafawa. Manyan 'yan mata su ne masu tsayawa a kan yatsun ƙafa. Mai makarantar, Madam Nadiya, siririyar mace ce mai furfura, tana tafiya kamar an zare ta daga kube. Madubin nan shi ne abokin gabana, domin yara sai sun manna masa hannu.

A gida kuwa ƙafa tana komawa. Iya Gaje in ta kama za ta murɗa, yarinyar ta fasa kuka, tsohuwa ta saki ta ce ita ba za ta iya da hakkin marainiyar Allah ba. Ni kuma ba na taɓawa. Ina tsaye daga bakin ƙofa ina cewa, "Ke, tsaya a yi miki." Kullum da safe ina ganin takalminta na hagu yana ƙara cinyewa ta gefe.

Wata Asabar ina jiran a tashi in goge, sai na tsaya kallon ajin ƙanana, masu shekara huɗu da biyar, waɗanda aka fara kawowa. Su ba a sa su tsayawa kan yatsu. Abin da ake fara koya musu shi ne su haɗa dugadugai, su buɗe yatsun ƙafa waje kamar agwagi, su dafa sanda, su ɗan lanƙwasa gwiwa su miƙe. Sai a yi musu layi da farin tef a ƙasa su bi. Suna yi suna dariya. Na tsaya da tsumma a hannu. Abin da likita ta ce a yi wa tawa tana kuka, shi ne waɗannan ake yi musu da kiɗa.

Na sami Madam da ɗan Larabcin titi da na tsinta. Ta ce in kawo ta ta gani. Ta zauna a ƙasa ta riƙe ƙafar ta jujjuya, ta karɓi katin asibiti ta kira likitar da kanta. Sannan ta ce yarinyar ta fara ranar Asabar, ni kuma in haɗa da wanke tagogin bene. Ta ɗauko wani takalmin yadi mai laushi da wata ta bari ta sa mata. Ya yi mata yawa, aka cusa auduga.

Labari ya riga ni isa gida. Na tarar da Alhaji Tanko a kan tabarmarsa a tsakar gida, ana shan shayi.

Ya ce, "Sale, ashe an samo wa mai sunan tsohuwa sana'a. Da kalangu ake yi ko da goge?"

Na ce, "Da ƙafa ake yi, Alhaji."

Ya ce, "Gobe a ji 'yar Maigatari tana ɗaga ƙafa a gaban madubi. Wa zai aure ta?"

Na ce, "Shekararta huɗu. Kuma da tana jan ƙafar ban ji ka yi wa ɗanka kamu ba."

Aka yi dariya, shi bai yi ba. Ya ajiye kofi ya rage murya, wai shawara zai ba ni ta ɗan'uwa. Ya ce in bar ƙafar yadda Allah ya yi ta. Akwai matan da ke zama da yara a bakin kasuwa suna bara, yarinya mai irin wannan ƙafar kowacce za ta so ta karɓe ta da safe ta dawo da ita da yamma, in huta da wanke wa kafirai madubi.

Na ce, "Madam ɗin tana azumi, Alhaji, na gani da idona. Maganar da ka yi kuma, don kana da furfura zan yi kamar ban ji ba. Kar ka sake."

Asabar ta zo. Abin da ban sani ba shi ne, a makonnin farko ba a barin yaro shi kaɗai. Uwa takan durƙusa a ƙarshen layin tef ɗin, ta miƙa hannu biyu, ta kira sunan ɗiyarta, yarinyar ta tako a hankali har ta faɗa hannunta. Haka Madam take cire musu tsoro. Da nake leƙe daga waje na ɗauka iyayen ne kawai ke son wasa.

Mata suka jeru, turare ya cika ɗaki. Ni kaɗai ne namiji, ni kaɗai ne baƙi, da rigar aiki. Aka zo kan tawa. Madam ta nuna min wurin durƙuso. Na tsaya a bakin ƙofa na dubi silin, na ce, "Ke, je ki."

Madam ta ce in kira ta da sunanta. Na ce ana ce mata Uwani. Ta ce ba shi ne a katin asibiti ba. Na ce haka ne. Ta ce to mene ne a katin? Na ce ta duba, ai yana hannunta. Yarinyar ta bi layin ita kaɗai, ba kowa a ƙarshensa, ta kai tsakiya ƙafar ta shige ciki ta faɗi. Wata mata ta yunƙura za ta ɗaga ta. Ni ban motsa ba. A gidanmu in ɗan fari ya faɗi a gaban mutane, wani ne ke ɗagawa.

Mako na biyu ma haka. Ranar ne wata mai tabarau da zinare a wuya ta yi magana da ƙarfi don in ji. Ta ce mutumin da bai san sunan yarinya ba, ba ya taɓa ta, ba ya kallonta, wannan ba ubanta ba ne. Ta ce an san irinmu, haya muke ɗauko yara. Ta ce in Madam ba ta kira hukuma ba ita za ta kira.

Da aka watse Madam ta tsayar da ni. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Sale, 'yarka ce?"

Na ce, "Tawa ce."

"To me ya sa?"

Na yi iya ƙoƙarina da guntun Larabcina. Na ce ta fari ce, sunan uwata ne da ita, a garinmu kunya ce, ba ƙi ba ne. Ta saurara har na gama.

Ta ce, "Na ji. Amma ita ba ta taɓa ganin garinku ba, a nan ƙasar aka haife ta. Abin da ta gani shi ne kowa an miƙa masa hannu ban da ita." Ta ce ita ta yarda da ni, amma ba za ta iya rufe bakin matan nan ba. Ranar Asabar ko in durƙusa kamar kowa, ko kar in kawo ta. In kuma aka kira hukuma, na fi ta sanin abin da zai biyo baya.

Na sani. Ni a zuba ni a mota zuwa rairayi, yarinya a kai ta gidan da ake ajiye yaran da ba su da kowa, ƙafa kuma ta koma.

Alhaji Tanko ya ce ga irinta nan, in tattara yarinya in ɓace kafin in jawo wa gidansa masu kaki. Iya Gaje ta ce ita za ta je ta durƙusa a madadina. Na ce ba ita aka ce ba ta san sunan ba. A makon nan in na shiga ɗakin rawa ni kaɗai da tsumma, nakan gwada faɗin sunan a gaban madubi. Harshena ya ƙi. Sai in ga fuskar mahaifiyata tana tankaɗe a tsakar gidanmu na Maigatari. Na shekara arba'in ban taɓa furta sunan nan ba, ko a kan wata mace daban.

Ranar Asabar na yi wanka na sa kaftanina na sallah da hula. Na ce in za a kama ni, a kama ni a matsayin uban yarinya, ba mai shara ba. Mai tabarau tana nan da wayarta a hannu. Aka zo kanmu. Na taka har ƙarshen layin na durƙusa, gwiwoyina suka yi ƙara. Na miƙa hannu biyu.

Yarinyar ta dubi hannun. Sai ta waiga bayanta, ta ga ko wa nake miƙa wa.

Duk abin da aka yi min a hanyar nan, daga Bahaushen nan mai kaka 'yar Gumel har mai gonar dabino, babu wanda ya kai wannan waigen ciwo. Zan rubuta sunan sau ɗaya, yadda na faɗe shi.

Na ce, "Hajara. Taho."

Ta ce, "Baba, ni?"

Na ce, "Ke. Taho a hankali, buɗe ƙafar."

Ta tako. Ta hagun ta fara shigewa, Madam ta taɓa mata idon sawu da ɗan yatsa, ta mai da ita waje. Ta yi tangal-tangal ba ta faɗi ba. Ta iso ta kama hannuna da nata biyu, ta jujjuya tafin tana dubawa.

Ta ce, "Hannunka da kaushi."

Na ce, "Bulo ne."

Mai tabarau ba ta ba ni haƙuri ba, ban kuma nema ba. Ta mai da wayarta jaka, ni na ci gaba da goge sawun takalminta har na bar garin.

Alhaji Tanko ya aika gida cewa na kira sunan uwata a gidan rawa a gaban matan Larabawa, ya kuma ce in ba shi ɗakinsa. Madam ta ba mu wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin matakala inda ake ajiye tsintsiya. A nan muka ƙarasa shekarar. Kullum da safe kafin a buɗe, ita tana dafe da sanda, ni ina riƙe da ƙafar ina juyawa yadda likita ta nuna. Ba ta yi min kuka ba ko sau ɗaya. Ranar da likita ta sallame mu, da ƙafarta ta sauko daga benen asibitin.

Da kuɗin motarmu muka dawo, ba wanda ya koro mu. Hadiza ta zo daga Gagarawa ta tare mu a tasha. Ƙafar kawai take kallo har muka isa gida. Tsohuwa tana zaune a gindin darbejiya. Muka gaisa, ta yi min barka da hanya, sannan ta ce, "An ce ka kira sunana a gidan rawa."

Na ce, "Na kira, Inna."

Ta dubi yarinyar ta ce, "Takwara, je ki randa ki ɗebo min ruwa."

Ta je ta dawo da moɗa cike, ba ta zubar ba. Da ta miƙa, sai ta haɗa dugadugai ta ɗan lanƙwasa gwiwa, yadda Madam ta koya musu in an gama aji. Tsohuwa ta sha ruwan. Ta lura da ɗan ɗingishin da ya rage, wanda har yau yana fitowa in ta gaji.

Ta ce, "Sau nawa ka kira?"

Na ce, "Duk Asabar."

Ta ce, "Da ka haɗa da Laraba, da wannan ɗin ma ya tafi."

Yanzu tana aji uku, da ƙafarta take zuwa makaranta, tana rigan 'ya'yan masu yi min dariya isa. A gaban mutane na koma ce mata "ke", don ban ce al'adar gidanmu ƙarya ce ba. Amma na kafa gora a jikin katangar tsakar gida, daidai tsayin ƙugunta, kuma duk Asabar da hantsi wanda ya bi ta bayan gidanmu zai ji ni ina kira. A tasha kuma in aka ce Baban 'Yar Rawa, juyowa nake yi in ce na'am.